Yadda Ake Ciyar da Maciji Mai Ƙaramin Dafi Ba Tare da An Sha Sara Ba

Macijin da ake kiwo a gida yana sara ne saboda ɗayan dalilai biyu, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne tushen duk abin da zai biyo baya. Idan tsoro ne ya sa shi sara, yakan kai bugu ya saki nan take ya ja da baya, domin burinsa shi ne a rabu da shi. Idan kuwa yunwa ce ta sa shi, ya ɗauka hannunka abinci ne, to ba zai saki ba, zai riƙe ya fara tauna yana gyara bakinsa kamar yadda yake yi wa ɓera. Ga macizan da ake cewa dafinsu kaɗan ne, wannan sara na biyu shi ne mai haɗari, kuma lokacin ciyarwa ne yake aukuwa.

Dalilin yana cikin tsarin bakinsu. Kububuwa da kasa da gamsheƙa suna da fiƙoƙi a gaban baki masu rami a ciki kamar allurar likita, ga kuma tsoka da ke matse jakar dafi, saboda haka bugu ɗaya ya isa. Macizan da muke magana a kansu ba haka suke ba. Manyan haƙoransu suna can baya a muƙamuƙin sama, kusan a ƙarƙashin ido, kuma ba su da rami, iyakaci wasu suna da ɗan kwarmi a jiki. Dafin yana fitowa ne daga wani ƙullutu da ke bayan ido wanda masana ke kira ƙullutun Duvernoy, ba da ƙarfi yake tunkuɗowa ba, tsattsafowa yake yi a hankali yana bin haƙori zuwa cikin rauni. Ma'anar wannan ita ce yawan dafin da zai shiga jikinka ya dogara ne da tsawon lokacin da yatsanka ya yi a bakin macijin. Sara na daƙiƙa biyu sau da yawa ba ya wuce ƙarzuna, amma na minti uku yana iya kumbura hannu har gwiwa. Don haka aikin mai kiwo kashi biyu ne: ya hana macijin ruɗa hannu da abinci, idan kuma an yi rashin sa'a ya san yadda zai raba bakin da fatarsa cikin gaggawa.

Mataki na farko: tabbatar da abin da kake kiwo

Kafin a yi maganar kayan aiki, dole ne ka san ainihin nau'in macijinka da sunansa na kimiyya, ba sunan da mai sayarwa ya gaya maka kawai ba. Waɗanda aka fi kiwo a wannan rukuni sun haɗa da mai ɗagaggen hanci na Arewacin Amurka, Heterodon nasicus, wanda da wuya ya kai mita ɗaya. Da gamsheƙar ruwa ta ƙarya daga Kudancin Amurka, Hydrodynastes gigas, wadda ke wuce mita 2. Da baƙin macijin nan mai ratsin ɗorawa na kudu maso gabashin Asiya, Boiga dendrophila, mai hawan itace da farautar dare. Da kuma koren macijin nan na Kudancin Amurka, Philodryas baroni. Dukkansu haƙoran dafinsu a baya suke, amma halinsu wajen abinci ba ɗaya ba ne, kuma ƙarfin dafinsu ma ba ɗaya ba ne.

Kalmar "ƙaramin dafi" ba hukunci ba ne da aka yanke har abada, kuma tarihi ya nuna hakan da tsada. A watan Satumba na 1957 wani ƙaramin maciji na Afirka, Dispholidus typus, ya sari Karl Schmidt, masanin dabbobi masu jan ciki na gidan tarihin Field da ke Chicago, a babban yatsa. Shi ma haƙoransa a baya suke, kuma Schmidt bai ɗauka saran zai kashe shi ba, sai ya zauna yana rubuta abin da yake ji a jikinsa; washegari ya rasu sakamakon zubar jini ta ciki. A 1975 kuma Bajamushen masani Robert Mertens ya rasu bayan kwana 18 da saran wani maciji na jinsin Thelotornis da yake kiwo, kuma abin lura shi ne yana cikin ciyar da shi ne ya sare shi. Akwai kuma macizan jinsin Rhabdophis na Asiya, waɗanda aka daɗe ana sayarwa a matsayin marasa cutarwa kafin a gano dafinsu yana hana jini daskarewa. Idan abin da ke kejinka yana cikin waɗannan jinsuna uku, wannan bayanin bai ishe ka ba, domin su macizai ne masu kisa, kuma ƙa'idar kiwonsu daban take. Ka kuma bincika dokar inda kake zaune, saboda akwai ƙasashen da ba a ajiye wasu daga cikin waɗannan dabbobi sai da lasisi.

Da zarar ka tabbatar, ka rubuta sunan kimiyyar a kati ka manna a jikin kejin. Ranar da aka kai ka asibiti, wannan katin zai fi kowane bayani da za ka yi da baki amfani.

Mataki na biyu: kayan aiki

Abu mafi muhimmanci shi ne dogon hantsaki na ciyarwa. Ga ƙaramin maciji irin mai ɗagaggen hanci, na santimita 30 ya wadatar. Ga babba mai tsawon mita 2, kada ya gaza santimita 45 zuwa 60. Ma'aunin da masu kiwo ke bi shi ne maciji yana iya miƙo kashi ɗaya cikin uku har zuwa rabin tsawonsa a bugu ɗaya, kuma wanda ya naɗe jela a reshe yana iya wuce haka tunda yana da madogara. Ka zaɓi hantsaki mai roba a baki, ko kuma mai baki mara kaifi, domin macijin da ya kai wa ƙarfe bugu da ƙarfi yana iya karya haƙori ko ya ji ciwo a dasashi, kuma ciwon baki a maciji yana da wuyar warkewa. Irin wanda likitoci ke amfani da shi mai makulli a mariƙi yana da kyau ƙwarai, saboda yana riƙe ɓera da kansa ba sai kana matsewa ba, sai dai dole ka koyi sakin makullin da hannu ɗaya tun kafin ranar ciyarwa.

Sai ƙugiyar maciji, wato sanda mai lanƙwasasshen baki, wadda da ita za ka buɗe ƙofa ko ka ɗaga maɓoya ko ka mayar da kan da ya leƙo waje. Ka tanadi wani faifan roba mai kauri da ake gani ta cikinsa a matsayin garkuwa, wanda za ka sa tsakanin macijin da hannunka idan sai ka ɗauko wani abu daga ciki. Ka ajiye kwalbar ruwan sanyi da wani siririn kati na roba mai ƙarfi a inda hannunka zai kai ba tare da ka tashi ba. Amfaninsu zai zo a gaba.

Game da safar hannu ra'ayi ya bambanta, ni kuwa ban cika yarda da ita ba. Siririyar safa ta roba tana da amfani wajen taɓa ɓera, domin tana hana wari kama fata, amma ba ta tare haƙori, kuma idan ka manta ka bar ta a hannu bayan ka taɓa abincin, ka mayar da hannunka ɓera ke nan. Safar fata mai kauri tana tare haƙoran ƙananan macizai, sai dai tana shan wari tana riƙe shi, tana kuma sa yatsu su yi nauyi har hantsaki ya kuɓuce. Mafi muni, tana sa mutum ya saki jiki ya kai hannu inda da ba zai kai ba. Riga mai dogon hannu ta fi ta amfani, musamman ga mai kiwon manyan nau'o'i. Zobe da agogo da munduwa kuwa a cire su tun kafin a fara, domin cire zobe daga yatsan da ya riga ya kumbura aiki ne da wani lokaci sai an yanke zoben.

Mataki na uku: shirya abincin

A yi amfani da ɓeran da aka riga aka kashe aka daskarar a firiza, ba mai rai ba. Ɓera mai rai yana cizon maciji, yana iya fasa masa ido, kuma idan faɗa ya kaure a cikin keji sai mai kiwo ya ruɗe ya kai hannu don raba su, wanda shi ne hanya mafi sauƙi ta shan sara. Girman ɓeran kada ya wuce kaurin macijin a inda ya fi kauri.

Ka sa ɓeran cikin leda ka ɗaure, ka bar shi ya narke a firji dare ɗaya ko kuma cikin ruwan sanyi, sannan dab da ciyarwa ka tsoma ledar cikin ruwan ɗumi na minti 10 zuwa 15 har jikinsa ya yi ɗumi kamar na mai rai, wato wajen digiri 37. Ka matsa cikinsa ta bayan leda ka ji ko akwai sauran ƙanƙara, domin ɓeran da tsakiyarsa ke daskare yana sa maciji amai. Ba a sa shi a na'urar ɗumama abinci ta maikirowef, saboda tana dafa wani sashe ta bar wani, wani lokaci ma cikin ya fashe. Wannan aikin a yi shi a wani ɗaki dabam idan da hali, da kwanon da aka keɓe masa shi kaɗai, domin ɓerayen da aka daskarar da su kansu macizan suna iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela.

Yanzu sai abin da mutane suka fi rainawa, alhali shi ne ya fi kowane hana sara, wato wanke hannu. Maciji ba da ido ya fi sanin duniya ba, da harshe ya san ta. Yana fitar da harshensa mai reshe biyu ya kwaso wari daga iska ya kai shi wata gaɓa da ke rufin bakinsa, gaɓar Jacobson, kuma abin da wannan gaɓa ta gaya masa shi yake gaskatawa. Waɗannan nau'o'i ba su da ramukan jin zafi irin na wasu mesa da macizai masu ƙararrawa a jela, saboda haka wari da motsi ne kaɗai jagoransu. Yatsan da ke warin ɓera yana kuma motsi, a wurinsu ɓera ne, babu wata tantama. Ka wanke hannu da sabulu har gwiwa bayan ka gama shirya abincin, ka tsane shi da tawul ɗin da bai taɓa ɓera ba, daga nan kuma kada fatarka ta sake taɓa abincin sai ta hantsaki. Haka nan idan ka taɓa tsuntsu, kifi, kwaɗo, ƙadangare ko wani maciji a ranar, ka wanke, domin duk waɗannan abinci ne ga wasu daga cikinsu. Gamsheƙar ruwa ta ƙarya tana cin kifi da kwaɗi, Boiga kuma yana cin tsuntsaye da ƙadangaru.

Mataki na huɗu: dubawa kafin buɗewa

Warin ɓera mai ɗumi yana cika ɗaki cikin ɗan lokaci, saboda haka ka ɗauka macijin ya riga ya san abin da ake ciki tun kafin ka iso. Ka tsaya ka nemo inda kansa yake, ba jikinsa ba, kuma kada ka buɗe komai sai ka gan shi. Idan yana cikin maɓoya ko ya nutse a cikin shimfiɗar kejin, kamar yadda mai ɗagaggen hanci ke yawan yi tunda shi mai tona ƙasa ne, ka ɗauka yana dab da bakin ƙofa har sai ka tabbatar ba haka ba. Ga masu hawa kuwa, ka duba sama, kan reshe da gefen ƙofa, domin daga can suke kawo bugu, kuma abin da ke daidai da su a lokacin shi ne fuskarka.

Macijin da ke neman abinci yana fitar da harshe da sauri-sauri, yana bin kowane motsi da kai, yana matsowa gaba. Wanda ya tsorata kuwa yana ja da baya, ya naɗe wuya, ya yi huci ko ya baje wuyansa. Mai ɗagaggen hanci gwani ne a wannan wasan: zai baje wuya kamar gamsheƙa, ya yi huci, ya kai bugu da baki a rufe, idan duk bai yi ba ya kwanta rigingine ya buɗe baki kamar ya mutu. Duk wannan burga ce. Lokacin da ya zama abin tsoro shi ne lokacin da ya yi shiru yana shinshina yatsa a hankali yana tura hanci, domin daga nan sai buɗe baki.

Akwai ranakun da ya kamata a fasa. Idan idon macijin ya yi shuɗi-shuɗi kamar an shafa madara, yana shirin saɓa ne, ba ya gani sosai, kuma yakan sari duk abin da ya motsa ko ya ƙi abincin gaba ɗaya. A jira har ya gama. Haka kuma idan kai ne ka gaji, ko kana sauri, ko ka sha maganin da ke sa barci, ko hankalinka yana wani wuri. Babban maciji mai lafiya ba abin da zai same shi don an ɗaga ciyarwarsa da kwana biyu. Yara da karnuka da kyanwa a fitar da su daga ɗakin a rufe ƙofa, amma yana da kyau a ce akwai wani babba a gidan da zai ji kiranka.

Mataki na biyar: miƙa abincin

Ka kama ɓeran da hantsaki tun kafin ka buɗe, ta fatar ƙeya ko ta tsakiyar baya, kansa yana fuskantar gaba. Mutane da yawa suna kama shi ta jela ya riƙa lilo, wanda kuskure ne, domin abin da ke lilo yana da wuyar cafkewa, idan macijin ya kuskure shi kuwa bugun yana wucewa sama ta jikin hantsaki zuwa inda yatsunka suke. Jelar ɓeran da aka narkar kuma tana tsinkewa, ya faɗi a bakin ƙofa, ka ga kanka kana son ɗauka da hannu.

Ka buɗe ƙofar ta ɓangaren da ya fi nisa da kan macijin, da ƙugiya idan zai yiwu, kuma iya faɗin da ɓeran zai shiga kawai. Ka tsaya a gefe, ba a gaban ƙofar ba, fuskarka a waje, ɗaya hannun kuma a bayanka ko riƙe da garkuwa, kada ya dafa bakin kejin. Wannan hannun da ba ya aiki shi ne mutum ke mantawa da shi, saboda ido yana kan hantsaki. Ɓeran ne zai fara shiga, shi ne kuma zai kasance tsakanin bakin macijin da kai a kowane lokaci. Ka kawo shi ƙasa-ƙasa, daidai da kan macijin ko ƙasa da shi kaɗan, domin abin da ya sauko daga sama kama yake da shaho, yana sa shi kare kai maimakon ci. Ka tsayar da shi a ɗan nesa da hancinsa, ka ɗan girgiza shi kaɗan, ka ba shi lokaci ya shinshina. Ba a dukan hancinsa da ɓera don a tsokane shi.

Idan ya cafke, ka ɗan riƙe na daƙiƙa ɗaya ko biyu don ya ji kamar abin yana da rai, sannan ka saki, ka zaro hantsakin a miƙe a hankali, ka rufe ƙofa, ka sa makulli, ka kuma gwada shi da hannu. Idan ya cafki hantsakin maimakon ɓeran, kada ka ja. Ka saki ɓeran ka riƙe ƙarfen shiru, zai gane ba abinci ba ne ya saki. Idan ɓeran ya faɗi, da hantsaki ake ɗauka, ko da yana dab da ƙofa, ko da macijin yana can ɗaya kusurwar. Sabo turken wawa ne, kuma wanda ya shekara biyar yana ciyarwa lafiya shi ya fi saurin cewa bari in ɗan gyara shi da yatsa.

Ga mai ɗagaggen hanci akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi. Shi ba ya iya saiti, yakan buɗe baki ya riƙa wurga kai hagu da dama har ya ci karo da wani abu, saboda haka gajeren hantsaki a wurinsa gayyatar sara ce. Da yawansu suna karɓar ɓera idan aka ajiye shi a kan ɗan faranti mara zurfi kusa da maɓoya aka rufe aka tafi, kuma farantin yana hana shi haɗiye shimfiɗar keji tare da abincin. Gamsheƙar ruwa ta ƙarya kuwa akasin haka take: ƙarfin sha'awarta ga abinci yana sa ta fito da rabin jikinta waje da zarar an buɗe, don haka ita ce ta fi bukatar dogon hantsaki da garkuwa da ƙaramar kafa. Boiga kuma da dare yake farkawa, kuma da dare ya fi karɓar abinci, wato a daidai lokacin da ya fi zafin nama. Ka bar haske kaɗan da zai ishe ka ganin kansa, kada ka ciyar cikin duhu.

Wasu suna ba da shawarar a fitar da maciji zuwa wani akwati dabam don ciyarwa, wai don kada ya danganta buɗe keji da abinci. Ga macizai masu dafi ban ga hikimar wannan ba, domin yana tilasta maka ɗaukar dabbar sau biyu, sau ɗaya tana jin yunwa ɗaki yana warin ɓera, sau ɗaya kuma ta ƙoshi amma hankalinta bai bar abinci ba. A ciyar da shi a inda yake zaune. Abin da ake tsoro ana magance shi ta wata hanya, wato duk ranar da ba ta ciyarwa ba, ka fara shafa jikinsa da ƙugiya a hankali kafin ka yi komai, ranar ciyarwa kuma kada ka shafa shi da ita. A hankali zai koyi cewa taɓawar ƙugiya tana nufin babu abinci. Idan kuma macizai biyu suna keji ɗaya, a raba su kafin a kawo abinci ɗakin, domin raba kawuna biyu da suka kama ɓera ɗaya aiki ne da hannu ba ya fita lafiya.

Bayan ya ci, a bar shi. Sha'awar abincin ba ta kwanciya da haɗiyewa, tana iya ɗaukar sa'o'i, saboda haka ba lokacin canja ruwa ko gyara reshe ba ne. Kada a ɗauke shi sai bayan sa'o'i 48, don kada ya amayar. Abincin da ya ƙi a cire shi da hantsaki bayan 'yan sa'o'i, ko da safe idan da dare aka ajiye, a zubar, ba a mayar da shi firiza. Maciji mai matsananciyar yunwa ya fi saurin kuskure, don haka a kiyaye tsari: ƙanana kowane kwana 5 zuwa 7, manya kowane kwana 7 zuwa 14, gwargwadon nau'i da girman abincin.

Idan ya kama ka

Abu na farko da jiki zai so yi shi ne fizgewa, kuma shi ne abin da ba a yi. Haƙoran maciji a lanƙwashe suke zuwa baya, fizga tana yage fata, tana karya haƙori a cikin rauni, tana kuma iya raunata muƙamuƙin dabbar. Abu na biyu da ba a yi shi ne zama a jira ya saki don kansa, ko tsayawa ɗaukar hoto. A 2009 an wallafa rahoton saran da wani Heterodon nasicus na kiwo ya yi lokacin da ake miƙa masa ɓera, ya riƙe na 'yan mintuna. Hannun ya kumbura, ya yi bororo, fata ta canja launi, kaluluwa ta fito, kuma sai bayan watanni aka warke sarai. Wannan daga nau'in da ake ganin ya fi kowanne sauƙi ke nan.

Ka tallafi jikin macijin da ɗaya hannun don kada nauyinsa ya ja raunin, sannan ka riƙe shi a bayan kai ba tare da matsewa ba. Ka kwarara masa ruwan sanyi a kai, ko ka tsoma hannun da kan cikin ruwa na ɗan lokaci, sau da yawa wannan kaɗai yana sa shi saki. Idan bai saki ba, ka tura kansa gaba kaɗan, wato ta inda hancinsa ke fuskanta, don haƙoran su zare daga fata, sannan ka zura katin robar tsakanin muƙamuƙin sama da fatarka ka ɗaga a hankali. Muƙamuƙin sama ake fara rabawa, tunda can haƙoran dafin suke. Ɗigo ɗaya na ruwan kurkure baki a gefen leɓensa shi ma yakan sa shi saki, amma ɗigo ne, ba kwarara ba. Da ya rabu da kai, ka mayar da shi keji ka kulle kafin ka duba hannunka, domin macijin da ya ɓace a ɗaki matsala ce ta biyu.

Ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na 'yan mintuna, ka duba ko haƙori ya karye a ciki, ka rufe da bandeji mai tsabta ba tare da ɗaurewa tam ba. Ka zana layi da biro a iyakar kumburin ka rubuta lokaci a gefensa, ka sake yin haka kowane rabin sa'a. Da wannan kai da likita za ku ga ko yana yaɗuwa da kuma saurinsa. Ba a ɗaure hannu da igiya, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗora ƙanƙara, ba a kuma shan giya. Idan zafi ya dame ka, farasitamol ya fi dacewa. A guji asfirin da ibufurofen, saboda suna ƙara saurin zubar jini.

Ka kira likita ko cibiyar kula da guba ko da abin ya yi kama da ƙarami, musamman idan macijin ya daɗe yana tauna. Amma akwai alamun da ba a jira da su ko kaɗan: wahalar numfashi, kumburin leɓe ko harshe ko fuska, borin jini a jiki, jiri ko suma, waɗanda ke nuna jikin ya yi mummunan bore ga dafin kuma suna iya zuwa cikin mintuna. Haka nan kumburin da ya tsallake wuyan hannu yana hawa, jinin da ya ƙi tsayawa, jini a dasashi ko hanci ko fitsari, amai, ciwon kai mai tsanani, nauyin fatar ido, ko yatsun da suka mutu suka yi sanyi. Yaro, tsoho, mai juna biyu da mai shan maganin tsinka jini a kai su asibiti kai tsaye, ko da alama ko babu. Wani ne zai tuƙa mota, ba wanda aka sara ba, kuma katin da ke jikin keji ake ɗauka, ba macijin ba.

A asibiti ka faɗi sunan kimiyyar, da lokacin saran, da tsawon lokacin da ya riƙe. Wannan yana da muhimmanci domin yawancin waɗannan nau'o'i ba a yi musu maganin dafi na musamman ba, kuma wanda aka yi don kububuwa ko gamsheƙa ba zai amfane ka ba, sai ma haɗarin boren jiki da yake ɗauke da shi. Likitan da ya ji "gamsheƙar ruwa" bai ji "ta ƙarya" ba yana iya bin hanyar da ba ita ba. Abin da ake yi galibi shi ne kula da rauni, rage zafi, gwajin daskarewar jini, sa ido a kan kumburi, da allurar tetanus idan taka ta daɗe. A kwanakin da suka biyo baya ka lura da ja da zafi da ruwa a wurin, domin bakin maciji yana da ƙwayoyin cuta. Shi ma macijin ka duba bakinsa ta bayan gilashi bayan kwana biyu ko uku, ko akwai kumburi ko yawu mai kauri, kuma kada ka sake miƙa masa abinci sai ranar ciyarwa ta gaba ta zagayo, da hantsakin da ya fi na da tsawo.